Ranar Da Aka Naɗe Tabarmar Asabar

Shafi na 27

Masu aiko mini da "ci gaba, ci gaba", labari ba famfo ba ne da za a murɗa ya zubo. Ga na yau. Wanda bai ga zamanin ba ya yi shiru ya karanta.

*

Ranar Alhamis ce, ranar ɗaukar shiri na ƙarshe.

Shekara tara Malam Maccido yana shimfiɗa tabarma a gidan talabijin na Sakkwato. Ya fara tun kuɗin mai na ambaliya, ƙaramin akawu ma yana sayen akwatin kallo, har zuwa wannan shekara da soja suka ce kowa ya ɗaure ciki. A ɗauka ranar Alhamis da hantsi, a nuna ranar Asabar bayan azahar. Tabarma ɗaya, tulu ɗaya, ƙoƙon goro. Mahauci ya zauna a kanta, alƙali ya zauna, ungozoma ta zauna, kowa ya faɗi abin da ya sani. Yanzu takarda ta zo daga sama, an ce a rufe Tabarmar Asabar.

Yana gyara hula a ɗakinsa a unguwar Gawon Nama, matarsa Sadiyatu ta shigo da kunu. Ta ajiye. Ba ta fita ba.

"Malam."

"Na'am."

"Yau anka ce za a naɗe?"

"Yau na."

"In an naɗe, kaset-kaset ɗin fa?"

"Na gwamnati na."

"Har na yaron nan?"

Hannunsa ya tsaya a kan hular.

Yaron nan shi ne Hayatu, ɗansu na fari, malamin asibiti. Mota ta kashe shi a hanyar Gusau shekara uku da suka wuce. Tun ranar suna babu ɗayansu da ya taɓa kiran sunansa. Haka muka taras. Ɗan fari ba a kiransa, ba a yabonsa, ba a kallonsa a gaban mutane. Sau ɗaya Hayatu ya hau tabarmar ubansa, shekara guda kafin rasuwarsa, shi ma don likitan da aka gayyata bai zo ba ne.

"Kin gani ai ranar da anka nuna," in ji Maccido.

"Ban gani ba."

Ya juyo.

"Gidanga cike yake da mata ranar, Malam. Mu kaɗai ad da akwati a layin. Yana fitowa, duk sunka juyo suna dubana. Sai nit tashi. Niz zuba gero a turmi, geron da ba ni da buƙata. Ina daka har anka gama."

"Shekara huɗu ba ki faɗa ba."

"Wa zan faɗa ma? Ko murya ban ji ba, taɓarya ta hana. Nic ce a raina, mutumin da nike gani kullum a tsakar gida, mi zan yi da shi cikin akwati?"

Ta goge bakin ƙoƙon kunun da gefen zane, ko da yake babu abin gogewa.

"Yanzu fuskar tana ɓace min. In na rufe ido, farar rigar asibiti nike gani. Fuskar ba ta zuwa."

"Akwai hoto."

"Na katin aiki? Wanda hatimi ya cinye rabin kunci? Ba ya motsi, Malam. Ban taɓa roƙonka komi ba na wurin aikinka. Sau guda nike son in gani, ko a tsaye."

Maccido ya ɗauki makullin babur ɗinsa, Besfa. Kunun bai taɓa shi ba.

"Allah shi kai mu," ya ce, ya fita.

Akwai abin da ya sani wanda ita ba ta sani ba, shi ya hana shi kallon idonta.

*

Ɗakin na'ura yana bayan gilashi, daga nan ake hango tabarma. Filibus ke riƙe da shi, mutumin Pankshin, shi ya ɗauki shirin tun ranar farko. Maccido ya same shi zaune, kaset ɗaya a kan cinyarsa, ya dafe shi da hannu biyu.

Kantar da ke bayansa, wadda da take cike har sama, babu komai sai ƙura.

"Baba, rufe ƙofar."

"Mi ya faru?"

Filibus ya juya kaset ɗin. A jikin takardar, da rubutun hannunsa, an sa: Malamin asibiti, gudawar yara.

"Shi kaɗai ya rage. A kansa za a ɗauki na yau."

Maccido ya nemi kujera, bai samu ba, ya dafa bango.

Wata takwas ke nan da aka daina sayo sabbin kaset. Manaja, Alhaji Siddiƙu, ya ce kowane mai shiri ya rubuta goma da za a adana, sauran a riƙa gogewa ana ɗaukar sabo a kai. Maccido ya rubuta goma. An kwashe su an kai ma'ajiya a Ikko. Na Hayatu ba ya ciki.

"Wata takwas ina wasan ɓuya da shi," in ji Filibus. "In aka zo ɗauka, in tura shi baya, in miƙa wani. Har bayan firji na taɓa sa shi. Jiya aka ƙirga. Sauran duk da labarai a kansu da shirye-shiryen da ba a nuna ba."

"To."

"To? Baba, ranar da kake rubuta goman nan ina tsaye a kanka. Na ce ka sa wannan. Me ka ce mini?"

"Na tuna."

"Ka ce gidan talabijin ba gidan ubanka ba ne."

"Haka na. A ce Maccido ya bar limamai, ya bar masu ilimi, ya zaɓi... ya zaɓi na gida? Da wace fuska?"

"Ka zaɓi mai gyaran agogo fa."

"Mai gyaran agogo ba jinina ba na."

Filibus ya yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"Mu a wurinmu, uba a kafaɗa yake ɗaukar ɗan fari ya zaga coci da shi. Shekara goma sha biyu ina garin nan, wannan abu naku ya ƙi shiga kaina."

"Ba a ce shi shiga ba."

"Na je wurin manaja da safe. Na ce masa ɗanka ne."

"Wa ya aike ka?"

"Babu. Ya ce in ɗansa ne me ya hana shi rubutawa da hannunsa? Ya ce ko so nake in fita da kaset in sayar. Ka san mutum nawa aka sallama a watan nan. Ina da 'ya'ya huɗu, Baba, ba zan iya ƙin danna maɓalli ba. Amma ya ce in ka faɗa da bakinka, zai bari. Sai dai in an bar kaset, babu na ɗaukar ban kwana."

"Mutane sun zo tun daga ƙauye don ban kwanan."

"Kalma ɗaya ce. Kuma akwai abin da ke can ƙarshen kaset ɗin, wanda sau uku ina so in..."

"Kak ka ɗauko min zancen nan."

"Baba..."

"Na ce kak ka ɗauko. Kaset kaset na. Wanda ya tafi ya tafi."

Filibus ya miƙe. Ya sa kaset ɗin a bakin na'ura, bai tura ba tukuna.

"To saurara, wannan aiki ne, ba zumunci ba. Na'ura tana gogewa ne tana tafiya. Abin da ta wuce ya tafi har abada, abin da ke gaba yana nan. Ranar, da mai maganin gargajiya ka fara. Ɗanka sai a minti na arba'in ya shigo. Ga agogo can saitin idonka. In mun fara sha ɗaya daidai, kana da har sha biyu saura ashirin."

Ya tura. Na'ura ta haɗiye.

*

An kunna fitilu. Mutum kamar talatin a kan benci, tsofaffin baƙin shirin. Alhaji Siddiƙu yana zaune a gaba da farar shadda, takardar jawabi a hannu.

Maccido ya cire takalmi, ya hau tabarma, ya harɗe.

"Salamu alaikum, jama'a. Tabarma ta shimfiɗu. Wanda ad da magana shi matso."

Da haka yake buɗewa shekara tara.

Mode mahauci ya fara, shi ne baƙon farko a tarihin shirin.

"Ranar da kak kira ni, Malam, sai da nib bar wasiyya. Cewa anka yi abin nan mai ido guda jini yake zuƙa. Nic ce to, ni mai zubar da na shanu, yau Allah ya kama ni."

Aka yi dariya.

"Amma tun ranar, ko a Illela niz zo, sai a ce ga Mode na tabarma. Har tsokar da ba ta da kyau saye ake yi."

"Ashe da hannuna cikin zaluncinka."

"Rabin zunubin naka na, Malam."

Maccido ya murmusa. Idonsa ya je agogo. Sha ɗaya da minti goma sha biyu.

Alhaji Siddiƙu ya karanta jawabinsa. Ya yi dogo. Ya ce ƙasa na cikin matsi, ya ce shirin ya wayar da kai, ya ce tarihi ba zai manta ba. Yana faɗin tarihi, Filibus a bayan gilashi ya sunkuyar da kai.

Sha ɗaya da rabi.

Wani tsohon malamin makaranta ya yi magana. Wata ungozoma ta yi. Maccido yana amsawa, yana miƙa goro, yana cewa madalla. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya gaya wa kansa zafin fitila ne.

Sha biyu saura ashirin da biyu.

Filibus ya ɗaga yatsu biyu, ya manna a gilashi.

Maccido ya kau da kai.

"Saura wa?" ya ce.

Wata tsohuwa ta taso daga bencin baya, tana jan ƙafa. Ba ta cikin jerin masu magana. Ta cire takalmin roba, ta zauna a bakin tabarma.

"Balaraba sunana, daga Kwalkwalawa. Ƙosai nike soya ma 'yan jami'a. Ni ban taɓa zama nan ba, Malam. Ji niy yi za a rufe, nic ce ko da ƙafa sai na zo."

"Marhaba, Inna. Faɗi."

"Wata Asabar, shekara huɗu, jikata tana gudawa kwana biyu. Ido ya faɗa, madiga ta lotsa. Mun yi jiƙo, mun yi rubutu. Uwar ta fara kuka irin na an gama. Nif fito neman mota, babu mota. Sai ga akwatin mai shayi a bakin jami'a, ga ka zaune, ga wani yaro da farar riga gefenka."

Dogon hannun agogo ya hau kan takwas.

Filibus ya sauke yatsunsa.

"Yaron ya ɗauko kwalbar lemo, ya ce a tafasa ruwa, a sa gishiri kaza, sukari kaza, a riƙa ba yaro da cokali ko yana amai. Ya faɗa sau uku, a hankali, kamar ya san akwai jahila irina a tsaye. Nik koma da gudu. Malam, yarinyar nan bana ta shiga makaranta. Kuma ba ita kaɗai ba. Duk Kwalkwalawa yanzu, in yaro ya fara, sai a ce a yi ruwan tabarma."

"Alhamdu lillahi," in ji jama'a.

"To shi niz zo nema. Wane na?"

"Wani malamin asibiti na," Maccido ya ce.

"Na sani. Ina yake? Ga ƙosai na ƙullo mishi, ba ni da abin da ya fi shi."

Ta kwance ƙullin ganye daga bakin zane, ta ajiye a tabarma.

Sha biyu saura kwata.

"Ya rasu, Inna."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Benci ya ɗauki salati. Balaraba ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe. Babu wanda ya katse ta. Na'ura kuwa ba ta san makoki ba, tafiya take.

Da ta buɗe fuska, sai ta dube shi kai tsaye, irin duban tsohuwar da ta wuce jin tsoron kowa.

"Ka yi haƙuri, Malam, yau rana ta ƙarshe ta, bari in faɗa. Ranar na ji haushinka. Kowa yaz zo tabarmar nan kana ba shi goro, kana tambayar sunan uba nai da garinsu. Yaron nan ko dubanai ba ka yi ba. Ƙasa kake kallo. Ko suna ba ka faɗa ba. Nic ce wanga mutum ya raina ɗan talakawa."

Mode ya yi gyaran murya. Shi ya sani. Rabin masu zama a bencin sun sani, duk suka dubi ƙafafunsu.

Balaraba ta ci gaba. "Ɗan wa na? A faɗa min gidan, in tafi in yi ma uwa tai gaisuwa. Wadda ta haifi wannan ta haihu. Ita dai ta ga ɗanta ranar, ta ji daɗi."

Maccido ya ji ƙarar taɓarya. Babu turmi a gidan talabijin, amma ya ji ta, dum, dum, daga bayan bangon gidansa.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Maccido bai taɓa hauka ba a rayuwarsa, shi ya sa tasa ta shekara talatin a shimfiɗe.

Sha biyu saura minti takwas.

Ya ɗaga hannu.

"Filibus. Tsayar."

Alhaji Siddiƙu ya miƙe. "Malam Maccido, ana ɗauka fa. In aka tsaya babu ban kwana, rabin shiri ba ya fita."

"Kar shi fita."

"Saboda me?"

"Kaset ɗin da ke ciki."

"Na wane ne?"

Bakin Maccido ya motsa, sauti bai fito ba. Harshe bai san hanyar ba. Ya sake gwadawa.

"Hayatu."

Ya faɗa kamar mai ɗaga dutse.

"Hayatu na. Ɗana na, na fari. Inna, gidan da kike nema, gidana na."

Balaraba ta dafe ƙirji. Alhaji Siddiƙu ya dubi takardar jawabinsa, ya naɗe ta, ya zauna. Jar fitilar da ke kan kyamara ta riga ta mutu tun kafin manaja ya buɗe baki.

*

Maccido ya shiga ɗakin na'ura ba takalmi. Mutane suka taru a bakin ƙofa, babu wanda ya shigo.

"Nawa ya saura?"

"Minti goma sha biyu nasa sun tafi, Baba. Kwalbar, da bayanin, duk sun tafi."

"Nawa ya saura nic ce."

Filibus ya ɗan mayar da kaset baya, ya danna.

Ƙaramin akwatin ya nuna Maccido na yau, hannu a sama, baki a buɗe. Hoton ya yage. Layi-layi, tsaki, fari da baƙi.

Sai ga tabarma. Ga Maccido na shekara huɗu baya, gemu bai gama fari ba, yana kallon ƙasa. Gefensa saurayi da farar riga, dogon wuya, ɗan wushirya.

"...shi ke nan abin da zan ce, Malam. Allah shi raya mana yaranmu."

"Madalla," in ji Maccido na cikin akwati, bai ɗago ba. "Jama'a, tabarma ta naɗu."

Maccido na tsaye ya matso har numfashinsa ya taɓa gilashin akwatin. Yau ya duba. Ya dubi goshin, ya dubi kunnen da ya ɗauko na Sadiyatu.

A cikin hoton, uban ya tashi ya fita. Ɗan ya yi saurin juya masa takalmi, uban ya zura ƙafa ya wuce, bai waiga ba.

"Nan aka yanke wa masu kallo," in ji Filibus a hankali. "Amma ni ban kashe ba. Wannan ne sau uku ina so in gaya maka."

Hayatu ya rage shi kaɗai a kan tabarma. Ya leƙa hanyar da ubansa ya bi. Ya dubi kyamara, ya yi dariya.

"Filibus, tana ɗauka har yanzu? To bar ta. Amma kak ka nuna ma Baba, sai shi kore ni gari."

Ya gyara zama. Ya cire hula, ya riƙe a hannu. Dariyar ta tafi.

"Inna. Na san ba za ki kalla ba. Na san ina fitowa za ki tashi ki ɗauki taɓarya. To ga wata magana da ba ni iya faɗa miki a gida..."

Hannun Maccido ya faɗa kan na Filibus.

"Tsayar."

Hoton ya daskare, bakin Hayatu a buɗe.

"Baba, saura minti biyu kawai."

"Ba nawa ba na."

Ya laluba aljihu, ya ciro makullin Besfa. Makullin ya kuɓuce, ya faɗi ƙasa. Mode ya sunkuya ya ɗauka.

"Ina za ka haka ba takalmi, Malam?"

"Gawon Nama. Kowa kar shi taɓa na'urar nan."

Ya kai bakin ƙofa, jama'a suka dare masa. Sai ya tsaya cak.

A ƙarshen baranda, inda masinja ke hana baƙi wucewa, wata mace tana tsaye da baƙin mayafi, ƙurar hanya har idon sawu. Shekara tara ba ta taɓa taka gidan nan ba.

"Malam," in ji Sadiyatu. "Muryar wa nij ji?"